Gidan Mai Lalle

Ranar da magini ya sauko daga kan sabuwar shigifar Sodangi ya ce aiki ya ƙare, Sodangi bai iya zama wuri ɗaya ba. Ya zagaya ta ta gabas, ya zagayo ta yamma, yana bubbuga bangon da tafin hannu kamar mai taya doki. A duk unguwarsu ta bayan kasuwar Boɗinga ba wanda ke da ɗakin ƙasa mai rufin azara sai shi, kowa bukka ce da jinka. Tasa kuwa can ƙuryar gida take, bayan ɗakunan kwana, kuma ba don mutum ya kwana ciki aka yi ta ba. An yi ta ne don ajiyar jar fatar awaki da yake saye ƙauye-ƙauye yana kai wa fatake. A wancan zamani, tun ba a san wani abu wai shi Nasara ba a ƙasar Sakkwato, mutum ya gina wa fata shigifa ba ƙaramin abu ba ne, kuma Sodangi ya ƙudurta sai kowa ya san haka.

Abin da ya rage shi ne filin da ke kewaye da ita. An rushe tsohuwar bukkar da ke wurin, an gusa da danga baya don a sami sarari, magina sun tafi sun bar ramukan kwaɓa da tarin fasassun tubala. Wurin ya koma kamar kufai. Abu ɗaya ne ya tsira, wani tsohon lalle mai kaurin gindi da ke tsaye shi kaɗai, wanda matarsa Mairama ta tsaya kai da fata a kansa har magina suka kauce masa.

"Ki san yadda za ki yi da wurin ga," in ji Sodangi. "Ni dai na yi nawa."

Mairama ta ce to. Ita ba mai yawan magana ba ce, 'yar Shagari ce da aka kawo gidan tun tana yarinya, yanzu har furfura ta fara leƙo mata a goshi. 'Ya'yanta mata duk sun yi aure, ɗanta namiji kuwa ɗaya ne tak, Lawali, shi ne na fari, kuma bai kai yaye ba ya koma. Kamar yadda ake yi wa jarirai, a cikin gida aka sa shi, bayan tsohuwar bukkar nan. Sodangi da mahaifinsa marigayi suka haƙa, suka rufe, suka koma harkarsu. Ita kuwa kunyar ɗan fari ta ɗaure mata baki, don 'yar mutunci ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya mutu ma ba a son ganin hawayenta. Abin da ta iya yi shi ne ta karyo reshen lalle ta kafa a daidai kansa, tana zuba masa ragowar ruwan alwalarta. Shekaru suka yi ta wucewa, mutane suka manta, lallen ya zama lalle kawai a idon kowa ban da ita.

Da wannan lallen ta fara gyaran fili. Ta cike ramuka da fasassun tubala, ƙwarya bayan ƙwarya, ta kwaso taki daga turken awaki ta baza. Ta yanki rassa daga tsohon lallen ta dasa su jere, tun daga ƙofar shigifa har bakin madafa, ta bar 'yar hanya a tsakiya ta yi mata iyaka da duwatsu. Zogale ta bi da shi jikin danga, rama da sure, wato yakuwa, ta ware musu kusurwa, ɗoɗɗoya a bakin ƙofa saboda ƙanshi da sauro. Duma kuma ta kafa masa sanda ya kama ya haye rufin. Ruwan wanke-wanke, ruwan tsarin gero, ba wanda take zubarwa a banza. Kafin damina ta raba tsakiya wurin ya yi shar, lalle ya yi fure, ƙanshinsa har waje.

Mata suka fara shigowa. Wadda ta zo ɗibar wuta sai ta manta da wutar, wadda ta zo aron taɓarya ta zauna har hantsi ya ɗaga. Mairama ba ta hana kowa tsinkar ganye, kuma aka ce lallenta ya fi na kasuwa kama hannu. Iyayen amare suka riƙa aikowa. Sodangi yana zaune a zaure yana shanya kunne in sun fito, yana jiran ya ji an ambaci azara ko santsin yaɓe. Abin da yake ji kullum ɗaya ne.

"Kai, hannun Mairama da albarka shike!"

"Wurin ga awa ba cikin gari ba. Ni kam ban so hitowa ba."

Ba wadda ta ce uffan kan shigifa. Wata ma da ya kasa daurewa ya tambaye ta ko ta ga ginin, sai ta ce, "Wanne? Au, wanda duma yah hau? Ya yi kyau da duman kau."

Ya yi dariyar yaƙe, amma maganar ta tsaya masa a rai. Gara a faɗi abin da sunansa: hassada ce ta shiga Sodangi. Ba ta maƙwabci ba, ba ta abokin ciniki ba, hassadar matar da ke tuƙa masa tuwo, a kan 'yan ganyayyakin da ta shuka a filin da shi da kansa ya ce ta gyara. Da wani ya gaya masa haka da sai ya rantse da girman Allah ba haka ba ne.

Abin ya tsananta wata ranar kasuwa da safe. Yana tsaye a ƙofar zaurensa sai ga wani mutum da jaki, daga Dandin Mahe, matarsa ta aiko shi neman lallen bikin 'yarsu. Mutumin ya yi sallama ya ce, "Malam, don Allah nan na gidan mai lalle?"

Sodangi ya gyara tsayuwa. "Nan gidan Sodangi na, mai hwata."

"To ka yi haƙuri, ɓata niy yi," in ji mutumin, ya ja akalar jakinsa zai wuce.

Wata maƙwabciya ce ta leƙo ta danga ta ce masa ai nan ne, ya dawo. Tsiyar abin kuma Ɗanliti na wurin, abokin wasan Sodangi tun suna yara, mutumin da bakinsa ba ya ajiye magana. Kafin azahar labari ya zagaye rumfunan 'yan fata. Da Sodangi ya iso kasuwa aka tarye shi da shi.

"Mijin mai lalle, barka da isowa! Yau ba a ƙunsa maka ba?"

Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi, don ba yadda zai yi. Amma ranar ko cinikin kirki bai yi ba. Gidan da ubansa ya kafa, shi ya ɗaga, ya yi masa ginin da babu irinsa a unguwa, wai yau sai an kama sunan mace kafin baƙo ya gane shi.

Da ya koma gida ya wuce kai tsaye da lauje ya datse duman daga gindi. Mairama ta fito daga madafa da muciya a hannu ta tsaya tana kallo. 'Ya'yan duman sun fara nauyi, ta riga ta yi wa ƙanwarta alkawarin ƙwarya daga ciki.

"Malam, lahiya?"

"Gara shika jawowa. Kina son rufin ya ruɓe hwatun mutane su lalace? Ke kam ba ki san abin da anka kashe ga ginin ga ba."

Ta ce, "Allah shi ba da haƙuri, ban sani ba." Ta janye busasshen yaɗon bayan kwana biyu ta hura wuta da shi.

Ya zaci zai ji sanyi, bai ji ba. Mata suka ci gaba da shigowa, lalle ya ci gaba da ƙanshi. Da ruwa ya ɗauke sai ya kafa wata doka, kada a ƙara zuba ko ɗigon ruwa kusa da shigifa, wai laima na cin gindin bango. Jerin lallen da ke kusa da ƙofa shi ya fara yaushi, ɗoɗɗoya ta bi. Mairama ta riƙa tsayawa a bakin iyakar da ya ja mata da ƙafa, tana kallon su suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ga ruwa a ƙwarya a hannunta. Na nesa da bango ta ci gaba da ba su, shi kuwa yana lura da ita ta wutsiyar ido, yana jin haushin yadda take sunkuyawa a kansu. Ya ce a ransa shi ko ciwo yake ba ya samun wannan lallashi, alhali ƙarya yake yi wa kansa, don ko tari ya yi ita ce mai jiƙa masa saiwa.

Sai kuma ya ce rana ta yi wa awakinsa yawa a turke, ya kwance su ya kai su inuwar zogale. Akuya da ganye, ai ba sai an tambaya ba. Kafin la'asar sun tsige rama, sun ɓare zogale har fari ya fito, sun tattake 'yar hanyar duwatsu. Mairama ta zo ta ga ɓarnar. Ta fita bayan danga ta saro ƙayar magarya da hannunta, ta kewaye tsohon lallen nan shi kaɗai, yatsunta duk jini. Sauran ta bar wa awaki.

Ya gan ta tana ɗaure ƙayar ya ce, "Wannan kuma na mine na? Maciji kika yi ma ɗaki?"

Ta ɗago, ta sake sunkuyar da kai. Maganar ta yi mata nauyi, da ƙyar ta fito. "Malam, komi kac ce na yi. Wanga guda dai a bar min shi. Ka san abin da ke ƙarƙashinai."

"Mi ke ƙarƙashinai?"

"Yaron nan."

Sodangi ya dubi lallen. Shi ma bai taɓa kama sunan ba, kuma rabonsa da tuna wurin har ya manta. Abin da ya rage masa a kai shi ne ranar ana yayyafi, mahaifinsa na haƙa, danga na gogar bayansa.

"Gindin danga munka sa shi," ya ce. "Ni nir riƙe shi da hannuna. Kar ki laƙa ma itace abin da ba nashi ba don ki samu hujja."

"An gusa da dangar, Malam. Da nan take."

"To ke za ki hwaɗa min gidan ubana?"

Ya juya ya tafi. Wani abu a ƙasan zuciyarsa ya ce masa ya tsaya ya auna, ya tuna inda tsohuwar bukka take da inda aka mai da danga. Bai tsaya ba, don in ya auna ta fito da gaskiya, to lallen ya zauna ke nan har abada. Wanda ya yi nisa ba ya jin kira.

Mairama ta kai kuka wurin Tani, yayar Sodangi, gwauruwa ce da ke zaune nan kusa, kuma ita ce uwar daɓen unguwa, duk gidan da za a daɓe ƙasa ita ke tara mata. Lokacin da jaririn ya rasu tana aure a Sifawa, ba ta ga inda aka sa shi ba. Mairama ta zauna a bakin tabarma ta yi ta kewaye-kewaye, ta yi zancen duma, ta yi na awaki, amma da ta zo kan ainihin maganar kunya ta riƙe mata harshe a gaban dangin miji. Iyakar abin da ta iya cewa shi ne akwai lalle guda da ba ta so a taɓa.

Tani ta taɓe baki. "Ke Mairama, da girmanki kina kawo ƙarar miji kan ganye? Ƙasa tashi ta, gini nashi na, awaki nashi na. Wasu na kukan ba a ba su ci ba, ke kina kukan lalle. Ki yi haƙuri, namiji ba shi son a hi shi suna cikin gidanai, wannan kowa ya sani. Ke ma kin cika bari mata na cika mashi gida."

Tani ta san ciwon ƙanenta sarai, ta ma faɗe shi da bakinta, amma a wurinta wanda ya kamata ya gyara ita ce Mairama. Ba a jima ba Sodangi ya hana matan unguwa shiga, ya ce gidansa ba kasuwa ba ne. Mairama ta rasa masu ɗebe mata kewa. Ta rame, zaninta ya fara yi mata yawa, ta rage cin abinci. Da sassafe kawai ake ganin ta, in ta idar da alwala, ta je ta tsiyaye ragowar ruwan buta ta saman ƙaya, ta ɗan tsaya, ta dawo.

To amma hassada ga mai rabo taki ce. Tsohon lallen, da ya rage shi kaɗai a fili, sai ya ƙara yin kore, ya fi ƙarfin danga har ana hango kansa daga hanya. Sunan kuma bai goge ba, tausayi ma ya ƙara masa kauri. A bakin rijiya ana cewa, "Allah sarki mai lalle, an kashe mata wuri." Ɗanliti ya daina tsokana, ya koma yi wa Sodangi wani irin kallo, wanda ya fi tsokanar ciwo. Duk lokacin da Sodangi ya fito daga shigifarsa da ɗaurin fata a kafaɗa, lallen nan ne ke fara tarar idonsa. Ya tsane shi kamar yadda ake tsanar mutum.

Sai ga aike daga Shagari, ƙanwar Mairama ta haihu. Sodangi da bai cika son tafiyarta ba, wannan karon shi ya nemo jaki, ya ce ta je ta zauna har a yi suna, kada ta yi gaggawa. Ta yi mamakin wannan kirki, har ta yi masa godiya sau biyu. Kafin ta hau ta je ta ƙara wa lallen ƙaya.

Ƙurar jakinta ba ta kwanta ba ya ɗauko gatari. Ya janye ƙayar, ya sare lallen, ya bi saiwar da sungumi ya tumɓuke, ya tara da kututturan zogale ya cinna musu wuta. Ya sa aka yi ta jido burji, tsakuwar daɓe, a mangala ana zubawa, aka baje filin tun daga bangon shigifa har jikin danga, ba tudu ba kwari. Sannan ya je wurin Tani ya ce yana son daɓe irin wanda ba a taɓa yi ba a Boɗinga.

Ranar daɓe mata suka cika gidan da aka hana su shiga, kowace da madaɓinta. Aka dama fura, aka ɗora tukunyar tuwo. Kafin a fara, Tani ta ja shi gefe, don ita tsohuwar hannu ce, ba ta daɓe ƙuryar gida ba ta tambaya ba.

"Sodangi, in ce akwai jinjirin da kunka sa wajen ga, tun da daɗewa? Ina shike, mu kauce?"

Ya nuna da haɓa. "Can gindin danga. Ku bar wajen kamu biyu daga jikinta."

"Ka tabbata?"

"Ni nis sa shi, Yaya. Kuma ko malamai cewa sunka yi a daidaita kabari da ƙasa, a bar kahwa mashi alama awa na arna."

Tani ta ja layi a gindin danga, aka yayyafa ruwa, mata suka durƙusa sahu guda. Madaɓai suka fara sauka tare, tim, tim, tim, mai ba da waƙa na bayarwa ana amsawa, ana gaba ana dawowa. Suka yi wa amare habaici, suka yi wa rowar maza, suka yi dariya har da hawaye. Da suka iso inda lalle yake a da, ƙasar wurin ta fi laushi, sai Tani ta ce a ƙara burji a dage, aka taru a kai aka yi ta duka har ya yi daidai da sauran. Sodangi na tsaye a ƙofar shigifa yana kallo. Ya ji wani abu ya taso masa, ya haɗiye shi da fura.

Aka bi da ruwan makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa, aka sake bi. Filin ya yi jawur da duhu-duhu, yana ƙyalli, santsi kamar bayan akushi. A ranar, karo na farko, ya ji abin da ya daɗe yana nema. Wata ta ce, "Yanzu kam shigihwa ta hito. Ashe haka take da kyau!" Ya yi kamar bai ji ba, amma har kunnuwansa sai da suka yi zafi don daɗi.

Mairama ta dawo ranar da ake zuba makuba ta ƙarshe, da hantsi, mata na nan ba su watse ba. Ta shigo da ƙunshin kayan suna a ka, tana amsa sannu da zuwa, ta kewayo bayan ɗaki. Nan ta tsaya cik. Ta dubi gabas, ta dubi yamma. Ba lalle, ba kututture, ba tsohuwar bukka, ba ko dutse ɗaya da za a ce daga nan zuwa can. Ƙunshin ya zamo daga kanta ya faɗi, ba ta waiwaye shi ba.

Tani ta ce, "Ke kau ki yi barka mana. Ba ki ga yadda anka gyara maki wuri ba?"

Mairama ta durƙusa a bakin daɓen, ta ɗora tafin hannunta a kai, ta shafa, ta matsa gefe ta sake shafawa. Ko'ina ɗaya ne. Sai ta ɗago ta dubi mijinta a gaban matan unguwa duka, ta buɗe baki ta faɗi sunan da ba ta taɓa faɗa ba tun ranar da aka raɗa shi.

"Ina Lawali?"

Mata suka juyo gare ta. Tsofaffin cikinsu suka dubi juna, don sun gane sunan, kuma sun san abin da zai sa mace irin Mairama ta kama shi.

"Lawali nika tambaya, Malam. Ɗana. Ƙarƙashin lallen nan shike, na hwaɗa maka. Ina kunka kai shi?"

Madaɓi ya suɓuce daga hannun Tani. "Sodangi, ba gindin danga kac ce muna ba?"

"Can shike," ya ce, amma muryar ba tasa ba ce.

Wata tsohuwa da ke maƙwabtaka da su tun zamanin mahaifinsa ta ce a hankali, "Wace danga? Wagga ai bara anka kahwa ta. Ta da can ciki take, kusa da inda lallen nan yat tsaya."

Wata ta saki salati. Wadda ta ba da waƙa ta toshe bakinta da gefen zane ta fashe da kuka, tana cewa wurin mai laushi, wurin da suka taru suka dage. Amma da aka ce ta nuna, ta kasa, ta nuna nan, wata ta ce a'a can ne, wata ta ce gaba kaɗan. Aikinsu ya yi kyau ƙwarai, bai bar alama ba. Suka riƙa ja da baya suna ɗaga ƙafa kamar masu taka garwashi, har suka fice daga kan daɓen gaba ɗaya.

"Ba ni son komi," in ji Mairama. Ba ta ɗaga murya ba. "Ba ni son lalle, ba ni son suna, ka riƙe gidanka. Kai kas sare shi, kai kat tone saiwa. Taka ka nuna min wurin, in san inda zan zuba ruwana."

Sodangi ya sauko daga dokin ƙofar shigifa ya shiga fili da ƙarfin hali. Ya yi 'yan taku ya dubi bango, ya dubi danga, ya koma hagu, ya dawo. Ranar da ya sare lallen idonsa a rufe yake da haushi, kuma shi da kansa ya sa aka baje wurin don kada ya ƙara tuna inda yake. Ya tsaya a tsakiya yana juyawa. Can sai ya dubi ƙafafunsa, ya tuna ba shi da tabbacin abin da ke ƙarƙashinsu, ya ɗaga ɗaya, ya rasa inda zai ajiye ta. Mata na kallo.

Ba wanda ya hukunta Sodangi. Ba a kai shi gaban alƙali ba, don ba jini ya zubar ba, ba dukiyar wani ya ci ba, filinsa ne ya daɓe. Tani ta ce ƙaddara ce, kuma laifin Mairama ne da ba ta fito fili ta faɗa ba tun farko, ta manta ita da irinta ne suka koya wa Mairama rufe baki. Maza a kasuwa suka ce sha'anin cikin gida ne. Mairama ba ta yi yaji ba, tana nan tana tuƙa tuwo tana kai masa. Sai dai ba ta ƙara taka daɓen ba. Kullum da safe takan zo bakinsa da ragowar ruwan alwala, ta tsiyaye a gefe, yau ta wannan kusurwa, gobe ta waccan, ruwan ya gangara a kan santsin makuba ya bushe bai shiga ƙasa ba. Shi kuwa in zai ɗauko fata, jikin bango yake bi yana rakuɓe kamar ɓarawo a gidansa.

Da kaka ta zagayo, yana zaune a zaure sai ya ji wani baƙo a waje yana tambayar matan da ke dawowa daga rijiya gidan mai lalle, an ce masa a unguwar nan yake.

"Babu mai lalle yanzu," wata ta amsa. "Sai dai in gidan Sodangi kaka nema."

"Wane Sodangi?"

"Sodangi da yad daɓe ɗanai. Ga shi nan gabanka, mai shigihwa. Kowa ya san shi."